Motar farko: kafin a miƙa kuɗi, a leƙa ƙarƙashinta

Duk wanda ke zagaya kasuwannin ƙasar nan, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, ko Wadata da Katako a Yamai, ya san cewa mota ta daina zama abin manyan alhazai su kaɗai. Mai sayar da atamfa na son tata, mai kawo albasa daga Galmi na son tasa, haka ma Hajiyar da ta gaji da cinikin kuɗin adaidaita kowace safiya, ko jiran motar kasuwa da ba ta tashi sai ta cika maƙil. Da yawansu kuwa ba su ma gama koyon tuƙi ba. Wasu suna oto-ekol, wasu wani ƙane ne ko yaron shago ke koya musu da la'asar a filin ƙwallo. Sai kwasar adashe ta zo kan mutum, ko a sayar da wake da riba, zuciya ta ce yanzu ne lokaci. To a daidai wannan gaɓar ce ake asarar abin da aka yi shekaru ana tarawa, shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna batun da masu karatu.

Sai mu fara da inda motocin ke fitowa, domin wadda dillali ke kira sabuwa, tsohuwa ce a wata ƙasa. Shekaru da dama hanyar guda ce: a tattara motocin da Turawa suka gama da su, a loda su a jirgin ruwa a tashar Anvers ta ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano, a jera su a manyan filaye a bayan gari, sannan direbobi su koro su fiye da kilomita 700, su ƙetare gadar Malanbil su shigo Gaya. Daga baya na Amurka suka ƙaru. A shekara ta 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto da ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyon 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. A cikin wannan aiki ne masu bincike na ƙasar Holan suka duba motocin da ke barin ƙasarsu zuwa Afirka, suka tarar akasarinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma da yawa ba su da takardar shaidar cewa suna da lafiyar hawa hanya. Wato abin da doka ta hana shi yawo a can, shi ne ake wankewa a goge a kawo mana.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, al'amarin ya ƙara sauyawa. An rufe iyakarmu da Benin, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu 2024, Nijar ta bar gadar a rufe daga nata ɓangaren, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa lissafin wannan: duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, mai saye na ƙarshe ne ke biyansa. Wannan ne ya sa idanu suka ƙara komawa kan motocin da aka riga aka yi aiki da su a cikin gida, da kuma na Katsina da Kano, musamman ga mutanen Maraɗi da Damagaram da ke ganin naira ta yi sauƙi.

A namu ra'ayi, mai koyo bai kamata ya raina motar da aka hau a nan gida ba. Motar malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ka san gidansa, ka san makaniken da ke duba masa ita, ka san ko ta taɓa faɗuwa, sau da yawa ta fi wadda ta sauko jiya tana ƙyalli ba wanda ya san tarihinta. Dillali zai ce maka ta wata tsohuwar Baturiya ce da ba ta fita sai ranar Lahadi. Wannan tsohuwa dai, in aka bi ta bakin dillalai, ta sayar da rabin motocin da ke Yamai.

Wace iri za a saya?

Amsar tana wurin masu sayar da kayan gyara. Kafin ki je kallon mota, Hajiya, ki aika a tambayo kuɗin fitilarta ta gaba, da madubin gefe, da takalmin birki, a kuma ji ko ana samunsu a garinku ko sai an yi saƙo Ƙofar Ruwa a Kano. Mai koyo sai ya goga mota a jikin ƙofar gida, sai ya fasa fitila a kwanar kasuwa, wannan ba makawa. Idan fitilar tana rataye a kowane shago, hasarar ta yini ɗaya ce. Idan kuwa sai an jira ta daga waje, motar za ta yi wata biyu a ƙarƙashin bedi awaki na kwana a inuwarta. Ba banza ba ne masu taksi na Yamai suka daɗe riƙe da ƙananan Toyota irin su Starlet da Corolla, alhali kamfanin ya daina ƙera tsohuwar Starlet tun 1999. Kowane yaron gareji ya san cikinsu, kuma ba su da shan mai.

Babbar mota mai tsawo tana da kwarjini a wurin biki, amma mai koyo bai san inda gindinta ya ƙare ba. A nemi ƙarama, amma wadda cikinta bai yi ƙasa sosai ba, saboda rairayin unguwanni da hanyoyin burji na kasuwannin ƙauye, da kwazazzaban da damina ke buɗewa. A guji mai sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, komai araharta: mu a hannun dama muke tuƙi, wanda ke zaune ta gefen dama ba ya ganin abin da ke tahowa idan zai wuce babbar mota.

Sai maganar giya. Mai canza giya da kanta ta fi daɗi a cunkoson gari, kuma mai koyo ba zai riƙa mutuwar inji a tsakiyar mararraba ana danna masa oda ba. Amma in batirinta ya mutu ba a tura ta ta tashi, in akwatin giyarta ya lalace gyaransa na da tsada, kuma ba kowane makanike ne ya iya shi ba da zarar an bar manyan birane. Mai giyar hannu kuwa, abin da mai koyo ke kashe mata shi ne kuloci, wanda makanikanmu ke kira ambireyaj, saboda ɗora ƙafa a kansa ba dalili. Shi ana canza shi ko'ina. Wanda harkarsa ta cikin gari ce ya zaɓi wadda ya so. Wanda zai riƙa cin kasuwar Cadawa ko Dakwaro ko Mirya, mu dai ta hannu muke ba shi shawara.

Kuɗin mota ba shi ne kuɗin mota ba

Wanda ke da miliyon 3 a hannu, ba motar miliyon 3 zai nema ba. Ranar da aka kawo ta gida akwai juyen mai, akwai taya, wataƙila da batir, ga canjin suna a kart giriz, ga asiransi, ga binyet, ga kuɗin bizit, ga la'adar dillali. Muna ganin a ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don waɗannan. Bayan su kuma sai cin yau da kullum. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Idan muka ɗauki wannan farashi, ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci kusan jika 19 na mai daga Maraɗi zuwa Damagaram da dawowa. A kwatanta da kuɗin motar haya, a ga ko kayan da za a ɗauko sun biya. Kuma kada a yi lissafi da man ruwa-ruwa na bakin hanya kamar da: tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu 2023 wancan sauƙin ya kau, ƙarancin man da aka sha a watan Maris 2025 kuma ya nuna wa kowa cewa matatar SORAZ, da aka buɗe a 2011 kusa da Damagaram, ba kullum take wadatar da mu ba.

Abu mafi muhimmanci ga ƴan kasuwa shi ne kada a taɓa uwar kuɗi. Motar da aka saya da jari, ita ce ke cinye shagon da ya kamata ya ciyar da ita. Mun sha ganin rumfar da ta bushe wata shida bayan an yi walimar sabuwar mota.

Ranar duba mota

A nan ne ake cin riba ko a faɗi, don haka za mu ɗan jima. Ka je da naka makanike, wanda kai ka biya shi kuɗin yininsa. Makaniken da dillali ya ce "ga wani nan kusa, ƙwararre ne", nasa ne, kuma da rabonsa a cinikin. A je da safe, da hasken rana, kuma a ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ku taɓa injin da hannu. In kun same shi da ɗumi, an riga an tayar da shi don a ɓoye wahalar tashinsa da ƙarar da yake yi in ya kwana.

Kafin a murza makulli gaba ɗaya, a tsaya a rabi a kalli tabulo. Ya kamata fitilun gargaɗi su kama duka, ta mai, ta batir, ta inji, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri. Da ta tashi, wani ya tsaya a baya ya kalli hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin injin na ƙona baƙin mai, ya gaji ke nan. Baƙi na nufin tana shan esansi fiye da kima. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, shi ne mafi muni, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a duba cikinsa: in an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo ya manne, a yi sallama da mai mota cikin mutunci a tafi. Irin wannan injin ba ya kai wa Ƙonni daga Dosso a zafin watan Afrilu.

Daga nan sai a kai ta kan rami a leƙa ƙarƙashinta, kuma duk mai motar da ya ƙi wannan ya ba ka amsa. A ƙasashen Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa, sai ka ga mota sama fes, ƙasa kuwa tsatsa ta rarake ta har sukudireba na shiga. A duba ɗigar mai, a duba ko an taɓa yi wa shasi walda. Motar da shasinta ya taɓa lanƙwashewa ba ta ƙara tafiya daidai, taya za ta yi ta ci ta gefe ɗaya har ranar da za a rabu da ita. Don gane inda aka yi ciko a jiki, ƙaramin maganaɗisu ya isa: yana kama ƙarfe, ba ya kama mastik. A kuma lura da tazarar ƙofofi, da launin fentin da ya bambanta daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Motocin Amurka na da tasu matsalar. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, bayan hatsari ko ambaliya. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas. Motar da ta sha ruwa tana iya tafiya lafiya wata uku, sannan wayoyinta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shaƙa, a duba busasshen laka a lungu da tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai. Sannan agogonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 100,000 a can 160,000 ne a wurinmu. Ko da yake agogon kilomita ba abin dogaro ba ne ko daga ina motar ta fito, domin mayar da shi baya aikin minti kaɗan ne. Robar feda da ta suɗe, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa, sun fi shi faɗin gaskiya.

Shekarar mota ma ana ƙara mata ƙuruciya a baki. Kowace mota na da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara: Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, a ci gaba a haka. A sauran, a duba ƴar takardar da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, galibi akwai shekarar ƙira a jiki. Taya ma na da ranar haihuwa. A gefenta, bayan harufan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekara ta 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa ko da zanenta bai cinye ba, haka ma tayar lokacin sanyi mai hoton ƙanƙara a gefe, wadda robarta mai taushi ba ta jure kwaltarmu.

A ƙarshe a hau ta, makanike na tuƙi, rediyo a kashe. A bi kwalta a bi gargada, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe, a kunna kilim a tsaya wuri ɗaya minti goma ana kallon allurar zafi.

Takardu

Mota mai lafiya marar takardu ta fi marar lafiya haɗari, domin ita gaba ɗaya ake rasawa. Lambar shasin da ke jikin ƙarfe dole ta yi daidai da wadda ke kan kart giriz, harafi da harafi, kuma a duba ko wurin bai nuna alamar gurza ko sabon fenti ba. Sunan da ke kan kart giriz ya zama na mai sayarwa, ko kuma ya nuna takardar da ta ba shi izini. A nemi takardar biyan duwan a gani da ido. Motar da ke ɗauke da lambar Najeriya, ko wadda ta fito daga wata ƙungiya ko ofishin jakadanci da aka yafe wa haraji, bashin duwan na nan a kanta, kuma wanda aka kama ta a hannunsa shi zai biya. Arahar da aka gani a Kano sau da yawa a ofishin duwan take ƙarewa. Ga kuma motocin sata da ke ƙetare iyaka, don haka zuwa wurin ƴan sanda su bincika lambar shasi kafin a biya ba ɓata lokaci ba ne.

Kada a ba da kafin alƙalami a kan motar da "tana hanya". Cinikin biri a sama ke nan. In an shirya, a rubuta takardar sayarwa da sunaye da lambar shasi da kuɗin da aka biya, shaidu su sa hannu, a kai a buga mata hatimin hukuma. In da ragowar kuɗi da za a biya daga baya, shi ma a rubuta da ranarsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne a ce wa ɗan uwa mu rubuta.

Ga mata muna da magana ta musamman. Idan kuɗinki ne, sunanki za a sa a kart giriz. Ba na ƙane ba, ba na direba ba, ba ma na maigida ba, sai in kyauta kika yi masa da zuciya ɗaya. Za a ce miki ai duk ɗaya ne, ko kuma zirga-zirgar ofis ba ta mace ba ce. Ranar da aka yi saɓani, ko aka zo rabon gado, hukuma takarda take karantawa, ba ta san wanda ya yi shekara uku yana zubin adashe ba.

Sai permi. Ana ba da na ƙananan motoci daga shekara 18, bayan an ci jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi. Mallakar mota ba ta ba mutum izinin hawa titi da ita, kuma permin da aka saya ta bayan gida ba ya taka birki. Mutane da yawa ba su san yadda asiransi ke aiki ba: wanda doka ta wajabta, a ƙarƙashin dokar inshora ta CIMA da Nijar ke cikinta, wanda ka ji wa rauni ko ka ɓata wa dukiya yake biya, ba ya gyara taka motar. Idan kuma aka yi hatsari alhali direba ba shi da permi, kamfanin na iya biyan wanda aka buge, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. A irin wannan ne gida ko rumfa ke tafiya. Wanda ya samu mota kafin permi, ya haƙura ya bar ta a gida, ko ya ɗauki direba mai takarda na ɗan lokaci.

Da mota ta zama taka, a makon farko a juye baƙin mai da matatunsa ko da mai ita ya rantse jiya ya yi. A tambayi makanike ko injin da sarƙa yake aiki ko da bel. In bel ne, kuma ba a san ranar da aka sa shi ba, a canza, domin in ya tsinke ana tafiya yana iya lalata injin baki ɗaya. Kada a yarda a zuba ruwan rijiya a radiyata kullum, yana toshe ta. A tabbatar da safaya da jak suna nan kuma suna aiki. Ƙaramar mota ba a-kori-kura ba ce, buhu biyar na gero a bayanta na karya amortisa, kuma yana ƙara nisan da take yi kafin birki ya tsayar da ita. Watannin farko a tsaya cikin gari da rana. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram da dare, da shanu masu ƙetarewa, da amalanke marar fitila, da manyan motoci masu hasken da ke kashe ido, a bar ta sai hannu ya faɗa.